Yadda Muka Koma Auna Aiki da Gyaɗa

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da na shigo ofis ɗauke da kwanon gyaɗa, ina roƙon Allah kada Malam Sanusi ya ɗauka raini ne. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da kwanon a kan tebur, kuna ɗiba kuna dunƙule hannu kamar tare da ginin aka yi shi. Jiya ma na ji ɗayanku yana tambaya ko daga Kaduna aka aiko da tsarin. Ba daga Kaduna ba ne, daga tsakar gidanmu ya fito, kuma shi ya hana a rufe wannan ofis. Ku gyara zama in ba ku labarin.

Babban ofishin kamfaninmu, kamar yadda kuka sani, yana Kaduna. Lokacin da aka buɗe reshen Ƙaura Namoda mu huɗu ne kacal, a ɗaki ɗaya a saman wani shagon sayar da taki, da fanka wadda sai ta ga dama take juyawa. Malam Sanusi shi ne babba, shi ke jagorantar rubuta manhaja. Lawali da Nafisa su ne masu rubutawa tare da shi. Ni Saratu aikina gwaji: duk abin da suka rubuta sai ya biyo ta hannuna, in latsa nan in latsa can, har in gano inda zai lalace kafin ya lalace a hannun masu shi. Lawali ya sa mini suna Mai Neman Laifi, ni kuwa na amsa, don abin da aka ɗauke ni yi ke nan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mu ukun nan duk Malam ne ya koya mana kwamfuta a makaranta, kafin ya bar koyarwa ya shigo kamfani.

A wurina reshen nan ya wuce wurin aiki. Na yi shekaru a ofishin Kaduna, sai ciwon ƙafa ya zaunar da Inna, mahaifiyata, kuma babu mai kula da ita yadda raina yake so. Ina jin za a buɗe reshe a gida na je na kafa na tsare a ƙofar Oga har sai da ya yarda ya dawo da ni. Da safe in dama mata kunu, in shafa mata magani, in taho aiki, da azahar in leƙa ta. Idan aka rufe reshen, ko dai in koma Kaduna in bar ta, ko in ajiye aikin da na sha wuya kafin na iya shi. Babu wanda nake so a cikin biyun.

Aikin da aka ba mu na ƙungiyar direbobin tasha ne da 'yan kasuwar hatsi. Da kaka, ɗan kasuwa zai tara buhunan gero da dawa a Zurmi ko Shinkafi, ya wuni yana buga waya yana neman mota. A daidai lokacin kuma wani direba ya sauke kaya a can, zai dawo Ƙaura da mota wayam. Manhajar ita za ta haɗa su: ɗan kasuwa ya sanar yana da lodi, ita kuma ta nemo direban da layi ya zo kansa. Shugaban direbobin, Alhaji Garba, sharaɗi biyu ya kafa mana. A gama kafin a fara ɗaukar sabon gero, kuma kada na'ura ta tsallake wa kowa layinsa.

Oganmu na Kaduna, Injiniya Dauda, mutum ne mai son sabon abu, shi ya kawo mana tsarin da ake kira ajayil. Ku kun tashi a cikinsa, amma a lokacin sabo ne fil a wurinmu. A da, can sama ake zama a tsara aikin watanni, a aiko maka da naka, kai dai ka yi. A sabon tsarin sai aka raba aiki zango-zango, kowane zango sati biyu. A farkon zango ma'aikata da kansu ke zama su auna nauyin kowane aiki, su zaɓi iya abin da za su gama, su yi alkawari a kansa. Kullum da safe a yi ɗan gajeren taro a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tsaya masa. A ƙarshen zango a kira masu aikin a nuna musu abin da aka gama, wannan shi ne ranar nuni. Oga ya ce mana, "Na ba ku wuƙa da nama. Ba zan ƙara gaya muku abin da za ku yi ba. Ku ne a wurin, ku kuka san mutanen."

Maganar ta yi mana daɗi, har Lawali ya ce yau Ƙaura ta samu 'yancin kai. Sai dai tun a taron tsaye na farko na san da sauran aiki. Malam ya miƙe tsaye, Lawali ya tsuguna.

Malam ya ce, "Tashi mana, taron tsaye anka ce."

Lawali ya ce, "Malam, ina ni ina tsayawa kai da kai da kai ina zuba magana?"

Sai da aka ɗauki kwanaki kafin ya yarda ya miƙe, shi ma a ɗan rusune kamar mai ciwon baya. Gaisuwa kuwa ita ke cinye rabin taron: an tashi lafiya, ya gajiya, ya iyali, ya jikin Inna. Idan aka zo kan tambayar me ya tsaya maka, amsar kowa ɗaya ce, "Lahiya lau, Malam, mun gode Allah." Alhali ni na san Lawali ya kwana biyu yana kokawa da abu ɗaya, har ya fara rama.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen auna aiki. Oga ya aiko mana da wasu katuna masu lambobi. Yadda ake yi, idan an karanta aiki kowa ya zaɓi kati a ɓoye gwargwadon nauyin da yake ganin aikin yana da shi, a kife, sannan a buɗe lokaci guda. Malam ya buɗe kwalin, ya juya kati gaba da baya, ya ce, "Wagga ai karta ta. Mutane su hawo su iske mu kewaye da tebur muna raba karta, mi za mu ce musu?" Ya jefa su cikin durowa ya kulle. Gaskiya ni ma ban ga laifinsa ba, don mai shagon takin da ke ƙasa shi ne limamin unguwa, kuma yana yawan hawowa cajin waya.

Shi ke nan muka koma aunawa da baki. Malam mutum ne mai kyakkyawan zato, ga kansa da ga kowa, kuma hannunsa yana da sauri. Da an karanta aiki sai ya shafa gemu ya ce, "Wanga ai kwana biyu na. Ko kuwa?" Mu kuma mu haɗa baki, "Haka na, Malam." Ba tsoronsa muke ji ba, don ban taɓa ganin ya daka wa wani tsawa ba. Nauyinsa muke ji. Mutumin da ya kama hannunka ya ɗora a kan kwamfuta, ya ce kwana biyu, da wane baki za ka ce masa sati?

Muna saukowa daga bene Lawali zai dafe kai ya ce, "Aradu wanga aiki ko sati biyu ba su isa."

In ce, "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "Ke mi ya hana ki?"

Nafisa sai dai ta yi murmushi ta gyara mayafi. Ita dama magana tsada take mata.

Zango uku a jere muna yin alkawarin kayan tirela muna kawo na baro. A nuni na uku Alhaji Garba ya hawo da kansa, ya zauna, ya sha shayi, ya kalli abin da muka nuna masa, rabi yana aiki rabi yana ta juyi a allo ya ƙi buɗewa. Ya tashi ya kaɗe riga ya ce, "To, Allah shi taimaka." Duk wanda ya san Alhaji ya san wannan addu'ar ba ta yabo ba ce.

Washegari Oga ya kira, Malam ya buɗe muryar wayar muka kewaye ta. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Malam Sanusi, ni ban ce ku yi aiki da yawa ba. Cewa na yi ku faɗi abin da za ku iya, ku yi shi. Sau uku ke nan. Gero ya kusa nuna, Alhaji Garba ya kira ni jiya. Zango ɗaya ya rage. Idan aka sake yin alkawari ba a cika ba, zan dawo da aikin Kaduna, kuma ban ga dalilin riƙe reshe a can ba." Kafin ya kashe ya ƙara da cewa yana so ya ga taswira ta fara aiki. Wannan taswirar ita ce 'yar lelensa: allo mai nuna kowace mota tana tafiya a kan hanya kamar tururuwa. Ya riga ya yi ta ba abokansa labarinta.

Ranar da la'asar na koma gida. Na tarar da Inna a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya. Na zauna ina taya ta. Da ta ga fuskata ta ƙi sakewa, sai ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta dunƙule hannu ta miƙo mini, kamar yadda take mini ina ƙarama, ta ce, "Canki nawa na." Na ce uku. Ta buɗe, biyar ne, ta yi ta dariya har da tari. Ni kuwa dariyata ta tsaya a rabi, don a take na gane abin da ke cikin katunan Oga. Ba lambobin ba ne. Ɓoyewar ce. A bar mutum ya yanke shawararsa kafin ya ji ta babba. Kuma babu limamin da zai hawo bene ya ga mutane da gyaɗa ya ce caca suke yi.

Da safe na cika kwano na tafi da shi. Ranar ce ta tsara zangon ƙarshe. Na ajiye a tsakiyar tebur, Lawali ya kai hannu, na buge hannun. Na ce, "Malam, wata shawara gare ni, in ba ta yi ba a cinye gujiyar a manta." Na yi bayani: ƙwaya ɗaya na nufin ƙaramin aiki, kamar gyara rubutun da ke kan maɓalli. Gwargwadon nauyin aiki gwargwadon yawan ƙwayoyi. Kowa ya ɗiba ya dunƙule, a buɗe tare. Wanda ya fi kowa yawa da wanda ya fi kowa kaɗan su faɗi dalilinsu.

Malam ya yi dariya ya ce, "Saratu, kin mai da mu yara. To, bismilla."

Aka karanta aikin taswira. Babu wanda ya motsa, don wa zai sa hannu a kwano kafin babba? Malam ya miƙa hannu ya tsinci ƙwaya uku, ɗaya bayan ɗaya, idanunmu shida a kan yatsunsa. Muka ɗiba. Aka buɗe. Uku, uku, uku, uku. Har da ni da na kawo tsarin. Na kalli tafin hannuna na ji kamar in nutse.

Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Malamin makaranta ne, ya san fuskar masu satar amsa. Ya ɗebi gyaɗa cike da hannu ya zuba a aljihu, ya ɗauki buta ya ce, "Bari in yi alwala. Ku ɗiba bayana. Ni can waje zan ƙirga tawa."

Yana fita, Lawali ya ce a hankali, "Gaskiya za mu ɗiba?" Na ce, "In ba mu ɗebi gaskiya yau ba, wata mai zuwa a Kaduna za ka nemi ɗakin haya." Kowa ya juya baya ya ɗiba. Malam ya dawo gemu yana ɗigar ruwa, hannu a dunƙule. Na ce a buɗe.

Malam uku, kamar ɗazu. Ni takwas. Lawali shida, amma bakinsa yana motsi, da na matsa masa sai ya yarda cewa takwas ya ɗiba, biyu sun wuce ciki yana jira. Nafisa kuwa hannu ɗaya bai ishe ta ba. Hannu biyu ta haɗa, da ta buɗe gyaɗa ta zube a tebur har tana gangarawa ƙasa.

Malam ya ce, "Nafisa, wanga hwa? Biki za ki yi?"

Ta sunkuyar da kai. Na ce mata ƙa'ida ce, mai yawa sai ya yi magana. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa, amma da ta kama hanya ba ta tsaya ba. Ita 'yar Zurmi ce, duk ƙarshen sati tana bin hanyar zuwa gida. Ta ce, "Malam, taswira sai da data, data sai da sabis. Hanyag ga kuwa akwai inda sabis ka ɗaukewa ɗif, sai ka yi tahiya mai nisa kahin shi dawo. Kuma direbobin da nika shiga motarsu, mahi yawansu ƙaramar waya gare su, mai tocila. Kahin taswira ta yi aiki sai mun gyara abu huɗu da ba mu ko taɓa ba. Ni a ganina ko zango biyu ba su isa."

Malam ya ce, "Tun yaushe kinka san haka?"

Ta ce, "Tun zangon farko."

Ya riƙa juya ƙwayoyinsa uku a tafin hannu. Na ga idonsa ya ɗan kaɗa, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni, don ya yi zaton duk makonnin nan shawara ake yi da shi. Can ya ce, "Ashe ni kaɗai nika magana da bakin mutum huɗu. Na koya muku kwamfuta, ban koya muku ce min a'a ba." Sannan ya watsa gyaɗar a baki ya ce, "To, a karanto na gaba."

Daga nan taron ya zama wani abu dabam. Aka yi musu, aka yi dariya, har Lawali ya manta ya ɗaga murya a gaban Malam, da ya tuna ya kama baki. Wani aikin Malam ne ya fi kowa yawan gyaɗa, ya nuna mana ramin da mu ba mu hango ba. Muka auna ayyukan da muka gama a zangunan baya, muka ga iya abin da cikinmu ke ɗauka a sati biyu. Taswira ita kaɗai ta fi ƙarfin wannan. Sai muka ajiye ta, muka ɗauki shawarar Nafisa: a yi komai da saƙon tes, wanda kowace waya ke karɓa. Idan lodi ya samu, manhaja ta aika wa direban da ke kan layi, ya amsa da lamba ɗaya in yana so. Idan ba ya cikin sabis, ta riƙe masa layinsa na ɗan lokaci tana sake aikawa, kafin ta wuce ga na bayansa.

Saura gaya wa Oga. Malam ya kira shi a gabanmu ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga zango babu taswira."

Oga ya ce, "Wa ya yanke haka?"

Malam ya kalle mu ya ce, "Mu munka yanke. Mu huɗu."

Sannan Oga ya ce, "Ni na ce ku zaɓa, ba zan janye ba. Amma ranar nuni zan zo da kaina." Muryarsa ba ta mai farin ciki ba ce.

Sati biyun nan ban taɓa jin daɗin aiki kamarsu ba. A taron tsaye Lawali ya fara cewa, "Lahiya lau, Malam, amma abu kaza ya tsaya min," Malam kuma ya jawo kujera su zauna su warware kafin a sha shayi. Nafisa ta tafi gida ƙarshen sati da ƙananan wayoyi biyu a jaka, tana gwadawa a kan hanya tana aiko mini da inda saƙo ya maƙale. Ni na nemo laifi har na gode Allah, su kuma suka gyara. Kwana ɗaya kafin nuni babu abin da ya rage a cikin alkawarinmu, abin da bai taɓa faruwa ba. Lawali ya yi ta zagaye ɗakin yana tambaya ko akwai abin da muka manta.

Nunin a tasha muka yi shi, a rumfar Alhaji Garba, da hantsi. Oga ya iso daga Kaduna, ya zauna a benci yana fifita da hula. Direbobi sun kewaye mu. Wani ɗan kasuwa da muka shirya da shi a Shinkafi ya aiko cewa yana da lodin dawa. Manhaja ta duba layi, ya faɗa kan wani direba da ake ce wa Mamman Kanta, wanda ya kai kaya can wajen tun da sassafe. Ta aika masa. Muka zuba wa kwamfuta ido.

Shiru. Mai shayi ya kawo shayi, aka sha, shiru. Oga ya duba agogo ya ce, "Ba za ta wuce ga na biyu ba?"

Alhaji Garba ya ce, "A'a, Injiniya. Layin Mamman na. Shina cikin kwarin can inda waya ba ta shiga. A jira shi."

Ni a lokacin ba Mamman nake gani ba. Inna nake gani a tsakar gida, da ni a tashar nan riƙe da jaka ina neman motar Kaduna. Nafisa ta kama hannuna a ƙarƙashin mayafi. Manhaja ta sake aikawa, kamar yadda muka tsara. Sai ga amsa ta faɗo a allo: ɗaya. Kafin mu yi numfashi wayar Alhaji ta yi ƙara, Mamman ne, muryarsa har bakin titi: "Alhaji, waya ta ce min akwai dawa Shinkahi. Gaskiya na ko 'yan damfara na?" Rumfar ta kece da dariya. Alhaji ya ce masa gaskiya ne, ya je ya ɗauka. Ya juyo ya dube mu ya ce, "Wanga kam ya yi." A wurin Alhaji Garba wannan kirari ne.

Muka dawo ofis da Oga don tsara zango na gaba. Fuskarsa ta saki, amma 'yar lelensa tana ransa. Yana zama ya ce, "To, yanzu sai taswira. Ni a ganina ai ba za ta wuce..."

Malam ya ɗaga hannu ya tare shi, cikin ladabi amma ba da wasa ba. Ya turo masa kwanon ya ce, "Ranka shi daɗe, nan ba a hwaɗi da baki. Ɗiba za ka yi, ka ɓoye."

Oga ya kalli kwanon ya kalle mu. Na yi masa bayani. Ya ce ina katunan da ya aiko, Malam ya ce suna nan lafiya a durowa, babu abin da ya same su. Oga ya yi dariya ya kai hannu, sai Lawali, Lawalin da ya tsuguna a taron farko, ya ce, "Oga, sai dai ka huta waje ka ƙirga taka. In munka ga abin da ka ɗiba, shi za mu ɗiba." Haka mai kamfani guda ya zuba gyaɗa a aljihun kaftani ya fita ya tsaya a kan matakala, yana gaisawa da liman.

Ya dawo, aka buɗe. Oga biyu. Mu huɗu kowa hannunsa cike, har Malam. Oga ya daɗe yana kallon ƙwayoyinsa biyu a tsakiyar tulin namu. Ya ce Nafisa ta yi masa bayani, ta yi, wannan karon kanta a ɗage. Na ƙara masa da abin da Alhaji Garba ya raɗa mini a tasha, cewa direbobi ba sa son wani allo ya riƙa nuna inda motarsu take da kaya a wannan hanya, saboda 'yan fashi, kowa ya san dalili. Oga ya gyaɗa kai, ya cinye gyaɗarsa ya ce, "Ku zaɓi abin da za ku yi. Kuma wannan fankar taku a canza ta, tunda kuna nan." Daga wannan maganar ta fanka na san reshe ya zauna. Na sauka bene na tsaya bayan buhunan taki na share hawaye, na dawo kamar ba ni ba.

Da na koma gida na ce wa Inna ba inda za ni. Ta ce dama ita ba ta ga alamar tafiya a tare da ni ba, sannan ta tambaye ni ina kwanonta. Har yau ban mayar mata ba, shi ne wannan da ke gabanku.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba ya isa a ce an ba ma'aikata 'yanci daga sama. Oga ya ba mu tun ranar farko, da zuciya ɗaya, mu kuma muka ɗauka muka ajiye a gaban Malam, don haka aka rene mu, kuma ba na jin kunyar wannan tarbiyya. Ba girmamawar muka bari ba, hanya muka nema wadda ƙarami zai faɗi gaskiyarsa ba tare da ya katse babba ba. Yanzu ni ce babba a ɗakin nan, kuma na lura tun ɗazu idanunku suna kan hannuna. Don haka ku miƙo mini butar can. Ku ɗiba bayana, zan ƙirga tawa a waje.